Ranar Da Na Ce Maka Tsaya

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, ina tsaye a bakin famfon wanke hannu na ɗakin tiyata, kumfa har gwiwar hannuna, likitan sa barci ya leƙo ya kira ni da sunana na yanka. Shekara da shekaru bai taɓa kirana da wani suna ba sai Sista, don haka tun kafin ya ƙara kalma gabana ya faɗi. Ya ce, "Malam ya cika." Wanda ya ba mu aronka ya karɓi abinsa, Malam, kuma ba mu da ta cewa sai haƙuri. Na ƙarasa wanke hannuna na shiga aiki, domin akwai mara lafiya a kan gado, kuma kai ne ka koya mana cewa wanda ke kwance ba zai jira wanda ke tsaye ya gama kuka ba. Sai da aka ɗinke shi aka fita da shi na samu lungu na yi nawa.

Manya za su yi rubutu a kanka, su faɗi digirorinka da yawan likitocin da suka fito daga hannunka. Ni ba marubuciya ba ce. Ma'aikaciyar jinya ce, wadda aikinta shi ne miƙa wa likita kayan aiki a lokacin tiyata, kuma fiye da shekara ashirin na yi ina tsaye a hannun damanka. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, ni ce na raba ka da wuƙa. Da bakina na yi, a gaban ɗalibanka, kuma daga ranar ba ka sake yi wa kowa aiki ba. Har ka koma ga Ubangijinka ban samu ƙarfin halin tambayarka ko ka riƙe ni a rai ba. Da wannan nauyin na kwana na tashi tsawon shekarun nan, da shi kuma na je gidanka gaisuwa.

Na zo ɗakin tiyatarka ina ƙaramar ma'aikaciya. A aikin farko na saki almakashi ya faɗi ƙasa da ƙara. Da a wani ɗakin ne, da na sha zagin da zai taɓa har iyayena. Kai ko ɗagowa ba ka yi ba. Ka ce, "Ba komai, ƙasa ma tana son ta ga irin kayan da muke aiki da su. Miƙo wani." Na miƙa, kuma tun daga wannan safiyar ban sake neman a canja mini ɗaki ba.

Kafin ka taɓa cikin mara lafiya sai ka murza tafukanka sun yi ɗumi. Ba ka yi wa mutum bayani kana tsaye a kansa. Kana da wata 'yar kujera mai ƙafa uku a ɗakin duba marasa lafiya, kakan ja ta ka zauna har idonka ya yi daidai da nasa, sannan ka zana masa abin da za a yi a bayan takarda. Allah ya gafarta maka, zanenka ba mai gane hanta ce ko takalmi, amma mutum yakan tashi daga gabanka ya san me ke damunsa, ya kuma ninke takardar ya sa a aljihu. In an gama aiki lafiya, ƙaramin likita kake turawa wurin 'yan'uwa da ke zaune a dogon bencin baranda, ya kai albishir ya sha addu'a. In kuwa labarin ba daɗi, da ƙafarka kake zuwa, hula a hannu, ka zauna a tsakiyarsu har su gama tambayoyinsu.

Lokacin da ɓarin jikin maigidana ya shanye, ban roƙe ka komai ba. Sai dai na ga an sauya tsarin aiki, an mayar da ni na safe kawai, kuma kowa ya yi kamar bai san wanda ya sa aka yi ba. Ran Asabar kakan zo gidanmu, ka naɗe hannun riga, ka nuna wa 'ya'yana yadda za su juya mahaifinsu ba tare da sun ja kafaɗarsa ba. Ka zauna kuna musun ƙwallo da shi, bakinsa a karkace, rabin maganar ba a ji, amma ba ka taɓa ƙarasa masa jimla ba. Kakan jira ya kai ƙarshe da kansa, sannan ka ce masa bai san ƙwallo ba.

A asibitinmu ɗakinka ya yi suna da natsuwa. In kana aiki ba ka jin komai sai ƙarar na'urar bugun zuciya da motsin ƙarfe a kan faranti. Kafin ka buɗe baki na san abin da kake so, na ɗora maka a tafi. Muna alfahari da wannan shirun, ni ce ma kan gaba. Ta bango muna jiyo ɗakin likitan ƙashi, wanda muke kira Aradu, yana ihu ana mayar masa, sai mu dubi juna ta saman takunkumi mu gode wa Allah da bai sa mu can ba.

Abin ya fara ne a kan wata ƙaramar likita da ke koyon tiyata, wadda aka laƙaba wa Barkono. Hannunta yana da kyau, kowa ya yarda. Bakinta ne ba shi da birki. In ta ga abin da bai yi mata ba, sai ta faɗa, ko a gaban wa. A ƙarshen shekara manyan likitoci kan zauna su tantance masu koyo, kuma cikin abin da ake dubawa akwai hali da mu'amala. Da aka zo kanta, sai suka yi caa, wai ba ta da ladabi, a riƙe ta kada ta wuce. Ni dai na san yadda ake cin wannan makin a wancan lokacin: wanda ya iya rusunawa a gaisuwa, ya karɓi jakar babban likita tun daga mota, shi ne mai hali nagari.

An ce ka bari duk suka gama, sannan ka tambaye su a nitse. Ka ce jini aunawa muke yi, fitsari aunawa muke yi, ba mai yarda a rubuta masa zazzaɓin mara lafiya da taɓa goshi. To me ya sa abin da zai yanke wa yarinya makomarta muke barinsa ga wanda ya ji daɗin gaisuwarta da wanda bai ji ba? Aka ce maka hali ba ya aunuwa. Ka ce mai yiwuwa ne, amma magana tana aunuwa, domin ana faɗinta ne a fili. Ka nemi a dakatar da hukunci a ba ka lokaci, kuma saboda girmanka aka ba ka.

Ga yadda ka tsara. Da iznin marasa lafiya da na ma'aikata, aka rataye ɗan abin ɗaukar magana a jikin babbar fitilar kowane ɗakin tiyata. Wata mai buga takardu ta riƙa saurare tana rubuta duk abin da aka faɗa, ta cire sunaye, ta sa wa kowa harafi. Rubutun kawai ake aika wa masu dubawa a wani asibiti mai nisa, mutanen da ba su san fuskar kowa a cikinmu ba, ba su san wa ya yi suna ba, ba su san mace ce ko namiji ba. Abin da suke nema ba shi da yawa. Likita ya faɗi abin da zai yi kafin ya yi? In an gaya masa abu, ya maimaita don a san ya ji? In na ƙasa ya ga haɗari, ya yi magana? In ya yi, me aka amsa masa? Mutum biyu ke duba kowace takarda, kowa shi kaɗai, kuma duk tambayar da suka kasa haɗuwa a kanta sai ka jefar da ita. Kakan ce abin da mutum biyu masu gaskiya suka kasa gani iri ɗaya ra'ayi ne, kuma ra'ayi muna da shi har ya yi mana yawa.

Ba kowa ya so abin ba. Wasu suka ce leƙen asiri ne. Aradu kuwa kullum kafin ya fara aiki sai ya ɗaga kai ya gaida fitila, ya tambaye ta iyali, ya ce ta gaya wa Malam yau ma zai yi ihu. Ni kaina na yi guna-guni, na ce mu da muke aikinmu lafiya me za a auna a ɗakinmu? A raina na riga na san wanda zai zo na ɗaya. Mai buga takardun ma ta ce ɗakinka ta fi so, domin aikin Aradu kan cinye mata yini, naka kuwa kafin shayinta ya huce ta gama. Muka yi dariya, ba wanda ya tsaya ya yi tunanin abin da ta faɗa.

Da sakamako ya dawo, Barkono ta fito da haske. Maganganun da aka kira tsiwa, da aka cire musu murya da fuska, sai masu dubawa suka kira su gargaɗi a kan lokaci. Sun dai ce tana katse mutane, kuma kalmar godiya tana yi mata wuyar fita, ka kuma zaunar da ita ka gaya mata ba ɓoye-ɓoye. Ta wuce. Aradu ya rasa maki mai yawa saboda ihu, amma a ɗakinsa in ya kauce ana gaya masa, ko da a cikin faɗa ne. Ɗaki ɗaya ne ya zo ƙarshe a kan tambayar ko na ƙasa yana magana. A cikin wannan ɗakin, wata da watanni, ba a samu wuri ɗaya da wani ya ce wa likita bai yarda ba, ko ya tambaye shi dalili.

Ban da mai buga takardun, kai kaɗai ka san harafin kowa, kuma da ka so, da maganar ta mutu a aljihunka. A taron safe, ɗaki cike, ka miƙe ka karanta sakamakon kowane harafi ba tare da ka ambaci mai shi ba. Da ka zo na ƙarshe sai ka cire tabarau ka ce, "Wannan kam ba sai an yi ta zargin juna ba. Ni ne." Aradu, wanda ba a taɓa ganin bakinsa a rufe ba, ya sunkuyar da kai. Ni kuwa haushi ne ya kama ni, na ce a raina wannan awon banza ne, tunda har zai sa mutum kamarka a bayan mai ihu.

Bayan taron na same ka a ɗakin shan shayi, kofi a gabanka ba ka taɓa ba. Ban taɓa ganin fuskarka haka ba. Ka ce, "Sista, ashe duk shekarun nan tsorona kuke ji?"

Na ce, "Haba Malam, wane irin tsoro? Kunyarka muke ji. Wa zai iya buɗe baki ya gyara maka?"

Ka juya kofin. Ka ce, "Ga wanda ke kwance a kan gadon, da tsoron da kunyar duk ɗaya ne. In na yi kuskure, ba mai tare ni."

Na buɗe baki in ce ai ba ka kuskure, sai na ji yadda maganar za ta fito, na haɗiye ta. A nan na gane abin da takardun suka gani.

Mutum mai shekarunka da matsayinka, da ya iya cewa hali ya riga ya zauna. Kai sai ka koma ɗalibi a ɗakinka. Ka fara da sa kowa ya faɗi sunansa da aikinsa kafin a fara, har wanda muka shekara goma tare, wai bakin da ya buɗe sau ɗaya ya fi saurin buɗewa karo na biyu. Da ka ga hakan bai isa ba, sai ka ɓullo da dabarar da ta zame mana abin hira. Kafin wuƙa ta taɓa fata, kakan yi kuskure da gangan, irin wanda ba zai cutar da kowa ba. Ka faɗi shekarun mara lafiya ba daidai ba, ko ka ambaci zaren ɗinkin da bai dace da aikin ba. In ba wanda ya tanka, sai ka harɗe hannuwanka a ƙirji ka tsaya kana kallon fitila. Ranar farko mun daɗe a tsaye kamar gumaka, kowa ya san abin da ka faɗa ba daidai ba ne, kowa yana jiran wani. A ƙarshe Barkono, wadda ba a daɗe da kawo ta ɗakinmu ba, ita ce ta ce, "Malam, shekarunta arba'in, ba hamsin ba." Ka ce, "Na ji, arba'in. Na gode, Likita." Ka karɓi wuƙa.

Sannu a hankali bakinmu ya buɗe. Likitan sa barci ma har ya wuce gona da iri, wata rana ya ce maka hularka ta karkace, kuma a ganinsa hakan haɗari ne ga mara lafiya. Ka ce ka ji, hula ta karkace, ka gode. Ɗakin da ake jin faɗuwar allura ya koma ɗakin da ake tambaya ana amsawa. Mai buga takardu ta fara ƙorafi. Da aka sake awo, makinka ya tashi, ka yi murna irin ta yaron da ya ci jarrabawa, har ka manna takardar a bangon ɗakin shan shayi. Wasu asibitoci suka aiko a koya musu. Ba sau ɗaya ba na ga wata ƙaramar ma'aikaciya ta tsayar da aiki don lissafin ƙyallen tsane jini bai cika ba, aka duba aka sami ɗaya a jikin mara lafiya, inda ba a so a bar shi, kuma ba wanda ya harare ta.

Sai dai dabarar taka ta zo mana da abin da ba wanda ya hango. Mun saba da kuskurenka na gangan har ya zama wasa. A shekararka ta ƙarshe a ɗakin, ka fara neman wani zare da aka daina kawowa tun da daɗewa. Ka kira Barkono da sunan wata likita da ta bar asibitin tun kafin ta zo. Mu kuwa sai mu haɗa baki mu gyara maka muna dariya, likitan sa barci ya ce, "Malam, yau ma ba ka kama mu ba." Ka yi murmushi ka maimaita gyaran. Dukkanmu mun ɗauka jarrabawa ce. Wa zai kawo a ransa cewa mai gwada mutane da mantuwa shi ne mantuwar ta fara kamawa da gaske? Ko a takardun awo, abin da ya fito shi ne ɗaki mai lafiya, ana gyara wa likita yana godiya.

Ranar da nake magana a kai, wata malamar makaranta ce a kan gado, mai 'ya'ya ƙanana, za a cire mata maƙoƙo. A wuyan mutum, dab da inda ake yankan, akwai wata jijiya siririya kamar zare, wadda ita ke riƙe da murya. In aka taɓa ta ba daidai ba, mutum zai tashi yana raɗa har ƙarshen ransa. Matar ta riƙe hannunka kafin a sa ta barci, ta ce ita da muryarta take ci da 'ya'yanta, ka ce mata in Allah ya yarda za ta koma aji ta dami yara da faɗa.

Tun lokacin da nake sa maka safar hannu na ji wani abu a yatsunka, na ce ko sanyin ɗaki ne. Aiki ya tafi lafiya har aka kusa wurin jijiyar. Ka buɗe tafi, na ɗora maka hantsaki. Mai miƙa kaya ta san hannun likitanta fiye da yadda ta san fuskarsa, domin fuskar a rufe take, hannun kuwa kullum yana taɓa nata. Hannun da ya karɓi hantsakin nan ba wanda na sani ba ne. Yana rawa, ƙasa-ƙasa, yadda ido ba zai gani daga nesa ba. Mantuwa ana iya yin ta da gangan. Wannan kuwa na san ba gwaji ba ne.

Wallahi, Malam, da a ce ƙasa za ta tsage in shige, da ya fi mini sauƙi. Ga ɗalibai a tsaye a bayanka. Ga abin ɗaukar magana a saman kanmu. Na san abin da kalmar za ta jawo, na san ba a dawo da ita. Na dubi wuyan matar a buɗe, bakin hantsakin yana matsawa. Na ce, "Malam, tsaya. Hannunka yana rawa."

Likitan sa barci ya fara dariya, ya ɗauka sabon wasa ne, sai ya dubi idona ya haɗiye ta. Ka tsaya cak. Ka janye hannun daga wurin, ka ɗaga shi a ƙarƙashin fitila, kana kallonsa muna kallonsa. Sannan ka yi abin da ka koya mana. Da murya sarai, yadda na bakin ƙofa ma zai ji, ka ce, "Na ji. Hannuna yana rawa." Ka juya wurin Barkono ka ce, "Likita, zagayo nan. Aikinki ne."

Kuka yi musayar wuri. Ka koma inda mai taimako ke tsayawa, ka riƙe mata ƙarfen buɗe wuri da hannu biyu, kana gaya mata abin da kake gani, tana maimaitawa. Sau ɗaya ta ce maka ba ta yarda ba, jijiyar ta fi ƙasa da inda ka nuna. Ka leƙa ka ce gaskiyarta. Da la'asar malamar ta farka, ta nemi ruwa da muryarta tangaran, har ta yi wa ƙanwarta faɗa a kan ta bar yara su kaɗai a gida.

Ba ka ce mini komai ba a ranar. Ka cire safar hannu, ka wanke hannu, ka gaishe mu kamar kullum, ka tafi. Washegari ka kai kanka wurin likitan ƙwaƙwalwa, kafin mako ya zagayo ka ajiye aikin tiyata. Wasu daga cikin manya, don su rufa maka asiri, suka ce a goge abin da aka ɗauka a ranar. Ka hana. Ka ce a cire sunan mara lafiya kawai, a riƙa kunna wa duk sabon da ya zo. Har yau ana kunnawa. Duk sanda aka zo wurin, nakan nemi uzuri in bar ɗakin, domin ba na iya jin muryata tana faɗin wannan maganar.

Ciwon ya yi ta cinka a hankali. Na riƙa zuwa duba ka, kana zaune a barandar gidanka, bargo a gwiwa, hannayen nan biyu suna rawa a kai ba hutawa. Kullum da fara'a kake tarbata. Ka tambayi yara, ka tambayi ko Aradu ya rage ihu, in ce maka tsufa ya rage masa, ba hali ba. Amma maganar wannan ranar ba ka taɓa ɗaukowa ba, ni ma ban ɗauko ba. Wasu a asibiti sun ce da na ja ka gefe, da na rufa maka asiri, ba a yi wa babba haka a gaban yara. Na san babu lokacin jan kowa gefe, amma sanin bai hana maganarsu ta yi mini ciwo ba. Nakan shirya tambayar tun daga gida, in na zo in ga hannayen sai ta maƙale. Daga baya maganar ma ta fara yi maka wuya, na ce shi ke nan, na makara.

Da na je gaisuwa, na sami maiɗakinka a tsakiyar mata, ta rame amma tana riƙe da kanta. Na durƙusa na yi mata ta'aziyya, na yunƙura zan tashi, ta riƙe mini hannu ta ja ni ɗakin ciki. Ban san sanda na ce mata, "Yaya, akwai abin da ban samu na nemi yafiyarsa a kai ba." Ta ce ta sani. Ta ce a ranar ka dawo gida da rana tsaka, abin da ba ka saba ba, ka shiga ɗaki ka rufe, ta ji kukanka ta bayan ƙofa. Da ka fito sai ka wanke fuska ka ce a ba ka abinci, ka ci sosai.

Ta ce, "Tun maganarsa tana fita ya bar mini saƙo. Ya ce ke za ki zo da wannan maganar, amma sai bayan ba ya nan, don ya san halinki. Ya ce in gaya miki babu abin yafewa. Ya ce da kin yi shiru a ranar, shi ne abin da bai san yadda zai yi ya yafe miki ba."

Na zauna a bakin gadonku na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka gaya mini. Ita ce ta koma tana ba ni haƙuri.

Na ji, Malam. Babu abin yafewa. Na gode.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo gare Ka. Ka san rayukan da Ka raya ta hannunsa, Ka kuma san ranar da ya janye hannun don kada ya cutar da baiwarka. Ka gafarta masa kurakuransa, na gangan da na mantuwa. Ka sa jinyar da ya sha ta zame masa kankarar zunubi. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka tausasa masa tambaya kamar yadda ya tausasa wa bayinka bayani, Ka sa Aljanna ce makomarsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinsa, wadda ta yi jinyarsa ba ƙorafi, da 'ya'yansa da jikokinsa da 'yan'uwansa. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya tsare bayansa, ya haɗa kanku. Ina yi wa ɗalibansa ta'aziyya a duk inda suke riƙe da wuƙa, da abokan aikina na ɗakin tiyata, da marasa lafiyar da za su ji labarin nan su tuna ɗumin hannunsa. Mu kuma da muka rage, Allah ya ba mu bakin faɗin gaskiya a kan lokaci da kunnen karɓarta, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.